Yadda za ka zaɓi sabon makunnin rimot na injin zuƙe ƙurar shago

Da farko canza batirin rimot ɗin tukuna, sau da yawa shi ne kawai matsalar.

In bai tashi ba, duba lambobin jikin injin. Inji mai wat 1400 a wutar volt 230 kusan amp 6 yake ja, amma lokacin tashi yana fizgar wuta fiye da haka sosai, shi ya sa ƙananan makunnai ke ƙonewa, to ka nemi makunni mai ɗaukar amp 13 ko 16, kar ka yarda da na kwan fitila komai arharsa.

Sai ka ɗauki mai siginar rediyo, irin 433MHz, yana ratsa katako, ba sai ka nuna rimot ɗin saitin injin kamar na talabijin ba.

Zare fulogi kafin ka haɗa sabon makunnin, bar makunnin injin a kunne, sannan ka gwada daga nesa.