Yadda ake sayen a-kori-kura ta hannu idan kuɗin ba su da yawa

A-kori-kura motar wahala ce. Wanda ya saye ta sabuwa ba don shan iska ya saya ba, don lodi ya saya, kuma kafin ta kai ga hannu na biyu ko na uku ta sha kaya, ta sha ramuka, ta sha hannun direbobi iri-iri. Mai kuɗi in ya faɗa wa ruɓaɓɓiya zai sayar ya sake wata. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sau ɗaya zai yi wannan sayayya, don haka dole ya san inda zai zuba ido. Abubuwa uku kake saye: shasi (dogayen ƙarafan da jikin motar ke zaune a kai), inji da giya. Fenti, kujeru, rediyo da fitilu duk ana gyara su a hankali, kana aiki da motar.

Da farko, raba kuɗin gida biyu

Kada ka je da niyyar kashe duk abin da ka tara a kan farashin motar. A ganina, ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye shi inda hannunka ba zai kai ba ranar ciniki. Wannan shi ne na sauya takardu zuwa sunanka, da inshora, da juyen baƙin mai, da filtoci, wataƙila da tayoyi ko batir. Ba a taɓa sayen tsohuwar motar lodi a ce ba ta nemi komai ba a watan farko. Abin da ya rage bayan ka ware wancan kason, shi ne ainihin kuɗin motarka, kuma a cikinsa za ka yi nema.

Sannan ka tsayar da aikin da za ta yi

A nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗi ba su sani ba. Mai ƙofa huɗu ta fi kyan gani, ta kuma fi tsada, amma bayanta gajere ne. In kaya za ka riƙa ɗauka ba mutane ba, mai ƙofa biyu ta fi arha, ta fi wurin zuba kaya. Haka zancen mai jan ƙafa huɗu: in a kan kwalta za ka yi yawancin tafiyarka, ba ka bukatarta. Za ka biya ƙari wajen saye, ta fi shan mai, kuma tana da ƙarin ƙarafan da za su iya lalacewa. Amma in hanyarka ta yashi ce ko ta laka, to ita ce maganin.

Ka kuma san iyakar abin da take ɗauka. Matsakaitan a-kori-kura irin su Toyota Hilux, Mitsubishi L200, Isuzu D-Max, Nissan Navara da Ford Ranger, yawancinsu kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da mutanen da ke ciki. In aikinka ya wuce haka kullum, ba irin motar da kake nema ba ke nan.

Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta yi suna wajen juriya, kuma sunan nan ana biyan kuɗinsa. Kuɗin da zai sayo maka tsohuwar Hilux da ta gaji, sau da yawa zai sayo L200 ko D-Max da ta fi ta ƙuruciya da lafiya. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya auri suna. Tambayar da ta fi amfani ita ce: wace iri ce kayan gyaranta ke samuwa kusa da kai, kuma kanikawan da kake iya kaiwa gare su sun san ta?

Injin dizal ya fi ƙarfin jan kaya, ya fi tsimin mai, amma in ya tashi ciwo aljihu ke ji. Na zamani masu aiki da kwamfuta nozulolinsu da famfonsu suna da tsada, kuma ba sa haƙuri da gurɓataccen mai. Injin fetur ya fi sha, gyaransa ya fi sauƙi. Wanda zai yi doguwar tafiya da lodi kullum, dizal zai biya shi. Wanda zai yi gajerun zirga-zirga, fetur ya ishe shi. Giyar hannu kuma ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, domin sauya kulochi bai kai gyaran giya mai sarrafa kanta tsada ba.

Kafin ka taka ka je, yi waya

Tambayi mai motar ko sunansa ne a takardu, shekara nawa ta yi a hannunsa, wane aiki ta yi, kuma me ya sa zai sayar. Ka roƙe shi kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka je da rana tsaka, ba da almuru ba, ba kuma a cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi.

Da isarka, fara da takardu tun kafin motar ta shiga ranka. Tun daga 1981 lambar shasi ta yawancin motoci haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu harafin I da O da Q a cikinta. Nemo ta a jikin ƙarfen shasin, da jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙasan gilashin gaba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In ka ga alamar an goge wurin, an yi walda a kewayensa, ko lambobin ba su hau layi ba, yi sallama ka tafi. Ka kuma bincika ko akwai bashin banki a kanta. Motar da takardunta ba su cika ba, ko kyauta aka ba ka rigima ce.

Yanzu sai ka shiga ƙarƙashinta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ba wanda ke son ɓata rigarsa. A-kori-kura ba kamar ƙaramar mota take ba. Jikinta ɗora shi aka yi a kan wasu dogayen ƙarafa biyu da suka taso daga gaba har baya, su ne shasi, su ke ɗauke da inji da giya da kaya. Inji in ya mutu ana ɗaura wani. Shasi in ya ruɓe, motar ta ƙare.

Tafi da tocila da ƙaramar guduma. In da hali a hau da ita kan ramin kanikawa. Bi ƙarfen daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi mai zaƙi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci har ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Jan tsatsa na sama-sama ba komai ba ne, kowace tsohuwar mota tana da shi. Wanda ake gudu shi ne mai kumbura, mai ɓarewa falle-falle, wanda in ka danna sukudireba sai ta shige. Ka fi dagewa a wurin da sifirin baya ya kama shasi, da tsakanin gidan direba da mazubin kaya, da saman tankin mai, domin nan laka ke kwanciya ta riƙe danshi.

Kada suna ya sa ka yi sakaci. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da wani sulhu a Amurka kan tsatsar shasi a wasu motocinsa, ciki har da a-kori-kura Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010. Motar da ta yi rayuwa a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ko a bakin teku, ita tsatsa ta fi ci, ko wane kamfani ne ya ƙera ta.

Sabon baƙin fenti mai ƙyalli a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Haka ma facin ƙarfe da aka yi wa walda a tsakiyar shasi. Fito ka tsaya daga gefe, ka ɗan ja baya, ka dubi ratar da ke tsakanin gidan direba da mazubin kaya. Ya kamata ta zama daidai daga sama har ƙasa. In ta buɗe a sama ta tsuke a ƙasa, ko akasin haka, shasin ya lanƙwashe, ko dai lodi ya yi masa yawa ko an yi hatsari.

Sifirin baya ma yana ba da labari. Lafiyayye a lanƙwashe yake kamar baka. In ya miƙe sambal alhali ba kaya a kai, ko ka ga an ƙara masa falle wanda bai yi kama da sauran ba, to an daɗe ana ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta, kuma aksul da birki da kulochi duk sun sha irin wahalar. Duba kuma ko mai na zuba daga aksul, giya ko shokozoba.

Ga jikin motar, ɗan maganaɗisu ya isa. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin da fila. Lotsawa a mazubin kaya kuwa kada ta dame ka, ai don haka aka yi shi.

Inji, tun yana da sanyi

Ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙin safe. Ba laifi ka ce za ka dawo gobe da sassafe.

Zaro sandar baƙin mai ka duba. A injin dizal mai yakan yi baƙi da wuri, wannan ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne ka buɗe murfin baƙin mai ka ga wani farin kumfa mai kauri, ko ka ga mai yana yawo a ruwan lagireto: alama ce ruwa da mai suna haɗuwa, wataƙila gasket ɗin kan inji ya ƙone. Lagireto kuma ba a buɗe shi sai inji na sanyi.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi duka su kama, har da ta inji da ta mai, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar binciken inji ta OBD-II, Turai ma ta bi sahu daga baya, kuma na'urar ba ta da tsada. Kanikawa da yawa suna da ita.

Sa wani ya tayar, kai ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga. Baƙin hayaƙi mai yawa, mai ba ya ƙonewa daidai, ana zargin nozul ko filtar iska. Tana cikin aiki, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakinsa ba tare da ka ɗaure ba. In iska tana wurgi da shi, hayaƙi na tuɗaɗowa, ringin fistin sun gaji, kuma wannan aikin sauke inji ne.

Lambar kilomita kada ka gaskata ta ita kaɗai, ana mayar da ita baya. Dubi robar birki da kulochi, da sitiyari, da gefen kujerar direba. In sun suɗe amma agogo na nuna tafiya kaɗan, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi.

Tuƙa ta da kanka

Kashe rediyo, ka sauke gilashi. Ka yi tafiyar da za ta sa inji ya yi zafi sosai, ka bi kwalta, ka bi gargada, ka hau tudu. Sa babbar giya kana tafiya a hankali sannan ka take totur: in ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kulochi na sulɓi. Taka birki da ƙarfi a inda ba kowa, ka ga ko tana ja gefe. Kukan da ke tasowa daga baya yana ƙaruwa da gudu, na aksul ne. Idonka na kan allurar zafi.

In mai jan ƙafa huɗu ce, gwada jan ƙafa huɗun a kan ƙasa ko yashi, ka tabbatar yana shiga yana fita. A yawancinsu ba a sa shi a busasshiyar kwalta. Da kun dawo, bar ta tana aiki na ɗan lokaci, sannan ka matsar da ita ka dubi ƙasan inda ta tsaya, ko mai ko ruwa ya ɗiga.

Tayoyi kuma suna da ranar haihuwa a jikinsu. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta cinye ta gefe ɗaya tana nuna matsala a ƙafar motar.

Bakanikenka, sannan ciniki

In ta tsallake duk wannan, kawo bakaniken da kai ka zaɓa, kai za ka biya shi, ba wanda mai motar ko dillali ya nuna maka ba. Dillali la'adarsa yake nema, ba laifinsa ba ne, amma ba shi zai kwana da motar ba. Mai motar da ya ƙi yarda a duba ta, ya riga ya ba ka amsa.

Sa bakanike ya rubuta duk abin da ke bukatar gyara da kuɗin kowanne. Da wannan takarda za ka yi tayi. Wanda ya ce «a rage mini» kawai, abin da aka ga dama za a rage masa. Wanda ya ce tayoyi biyu sun ƙare, kulochi na sulɓi, ga abin da za su ci, shi ake saurara. Kada ka faɗi iyakar kuɗinka, kada kuma maganar «akwai wani mai zuwa da yamma» ta ɗaga maka hankali. In akwai shi, Allah ya ba shi sa'a.

Idan kun daidaita, a rubuta yarjejeniya da sunayenku, lambar shasi, lambar inji, kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu su sa hannu. Ka biya ta hanyar da ke barin shaida, ka karɓi takardun asali da duk makullan a zama ɗaya, ka sauya suna ba tare da jinkiri ba.

Kafin ka ɗora mata lodin farko, juye baƙin mai, man giya da na aksul, ka sauya filtoci, a duba birki. Ka tambayi bakanike ko timin ɗin injin, wato abin da ke daidaita motsin fistin da bawul, da bel yake aiki ko da sarƙa. In bel ne kuma babu shaidar ranar da aka sauya shi, a sauya shi yanzu daga kuɗin nan da ka ware, domin a yawancin injunan dizal in ya tsinke mota na tafiya, fistin da bawul ne ke karo.