Idan maigida ya dawo daga fagen daga amma hankalinsa na can

Tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 maza da yawa daga Maiurno da Gadarif sun tafi, wasu sojoji wasu 'yan sa kai, kuma sun dawo jiki ƙalau amma dare ya gagare su. 'Yar uwa in naki haka yake, ga abin da na koya a ɗakina.

Kada ki tashe shi da taɓawa. Tsaya daga bakin ƙofa ki kira shi a hankali har ya buɗe ido ya gane inda yake, don hannun da ya saba kai duka ba ya jiran tunani. In za a yi biki a unguwa ki faɗa masa tun da wuri, harbin murna ko ƙarar salansar raksha, wato keke mai ƙafa uku, kaɗai ta isa ta mayar da hankalinsa fagen daga a garin Madani.

Maganar shimfiɗa kuwa nan ne mata muke cutar kanmu. Ya juya miki baya wata biyu sai zuciya ta ce ai wata ya gani, wallahi yawanci ba haka ba ne, jikin da yake cikin fargaba dare da rana sha'awa guduwa take. Ki kawo jabana, wato gahawa, ki zauna kusa da shi ko ba hira, kuma kar ki ce sai ya ba ki labarin abin da ya gani.

In mugun mafarki da zabura da fushi sun wuce wata 1, ciwo ne, likitoci na kiransa PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma ana jinyarsa. Kina ambaton likitan ƙwaƙwalwa zai tuna asibitin masu taɓin hankali na Tijani al-Mahi da ke Omdurman ya ce shi ba mahaukaci ba ne. To ki biyo ta rashin barci, "Baban yara mu je a duba barcin nan", ko ki sa yayansa ko abokin da suka yi yaƙi tare ya raka shi. Ruƙiyya da addu'a a ci gaba, ba sa hana asibiti. Maganin da likita zai ba shi yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kada ya yar a sati na farko, tramadol na kasuwa kuma ƙara dagula abin yake.

Bindiga ta bar gidan. In ya ɗaga miki hannu ko ya fara cewa gara ya mutu, wannan ba sirrin aure ba ne, ki kwashe yara ki sanar da manyansa da naki a ranar, a kai shi asibiti.