Darasi na 7: Yadda Ake Gane Cin Zarafi a Zaman Aure

Ba kowane saɓani ne cin zarafi ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Miji da mata kan yi gardama, su yi fushi, su shirya. Abin da ya raba saɓani da cin zarafi shi ne tsoro.

Ki tambayi kanki. In kika ji motsin ƙofa mijinki ya dawo, gabanki yana faɗuwa? Kina tauna magana sau uku kafin ki furta, don gudun mari?

Duka kowa ya san shi, amma ba kasafai ake farawa da shi ba. Sai ya fara karɓar wayarki yana bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Sai ya raba ki da 'yan'uwa da ƙawaye, har ki rasa wanda za ki kai wa kuka. Akwai zagi a gaban yara, da gori, da ƙwace kuɗin da kika samu da guminki, da tilasta miki kwanciya. Wasu daga ciki ba sa barin tabo a jiki, amma suna cin zuciya.

Abin da ya fi ruɗa mata shi ne ban haƙurin da ke biyo baya. Ya zo da rantsuwa, wani lokaci har da hawaye, sannan ya ce, "Ai ke kika ja." Ba ke kika ja ba. A zauna lafiya kwana biyu, sai abin ya dawo, sau da yawa fiye da na baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kashi 27 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa zama da namiji sun fuskanci duka ko tilastawa daga gare shi. Akwai maza ma da ake cuta, kunya ce ke rufe musu baki.

In ya taɓa shaƙe miki wuya, ko ya zare makami, ko ya ce zai kashe ki, rayuwarki tana cikin haɗari. Ki je asibiti ko da ba ki ga rauni ba. Lokacin barin gida ma yana da haɗari sosai, don haka kada ki sanar da shi. Ki fara gaya wa wanda kika amince da shi, ki ajiye takardunki da na yara a wurinsa.

Aikin yau: ki riƙe sunan mutum ɗaya da za ki iya kira ko da tsakar dare, ki haddace lambarsa.