Yadda ake auna ra'ayin jama'a kan shugaban da ya jagoranci yaƙi: misalin Gowon a Gombe

Ka tsaya a majalisar tsofaffin unguwar Jekadafari ka ce, "Baba, yaya kuke ganin Janar Gowon?" Babba a cikinsu zai gyara zama ya ce mutumin kirki ne, saura su gyaɗa kai. Ba ka auna komai ba. Ka ji bakin mutum ɗaya, kuma amsar da ya ba ka ta hali ce, alhali wataƙila yaƙin basasa kake tambaya. Ɗalibi mai rubuta kundin kammala digiri, gidan rediyo ko ƙungiyar matasa, duk mai son sanin ainihin ra'ayin mutane sai ya raba abubuwan nan biyu tun a kan takarda.

Fara da tsare tarihin, don mai tambayar da ya rikita shekaru dattijo ba ya sake ɗaukarsa da daraja. Yakubu Gowon ya karɓi mulki ranar 1 ga Agusta 1966. An yi zaman sulhu na Aburi a Ghana a Janairun 1967. Ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, Ojukwu, gwamnan yankin Gabas, ya ayyana ɓallewar yankin da sunan Biyafara ranar 30 ga watan, aka fara harbi 6 ga Yuli 1967, aka ajiye makamai 15 ga Janairu 1970. An hamɓarar da shi 29 ga Yuli 1975 yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. A lokacin Gombe da Bauchi duk suna Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, don haka in tsoho ya ce "gwamnanmu", na Maiduguri yake nufi.

Takardar tambayoyi kada ta wuce tambaya 15, kada hira ta wuce minti 20. Tambayar farko ta tantancewa ce: "Wa ke mulkin Najeriya lokacin yaƙin basasa?" Kada ka ba da zaɓi. Za ka sami masu cewa Murtala, ga hotonsa a takardar naira 20, ga shi shi ya raba jihohin da suka haifar da Jihar Bauchi a 1976. Wanda ya kuskure a ci gaba da hira da shi, amma a yi wa takardarsa alama. Ta biyu: daga ina ya san labarin? Ya gani da ido, mahaifinsa soja ne, a makaranta ya karanta, rediyo, ko Facebook? Wanda ke da shekara 10 ranar da yaƙi ya ƙare an haife shi a 1959 ko farkon 1960, ke nan mafi yawan waɗanda za ka tarar gadon labarin suka yi.

Sannan tambayoyin hali, kowace da abu guda: riƙon amana a dukiyar gwamnati, cika alkawari, haƙuri, sauraron shawara. Kada ka ce "mai gaskiya ne kuma jarumi?" don mutum na iya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya. Batun alkawari yana da abin kamawa: ya ce zai miƙa mulki ga farar hula a 1976, a Oktoban 1974 ya janye.

Ɓangaren yaƙi shi ne inda aikin ke lalacewa, kuma a nan ya kamata a zauna a tace kalmomi. A tambayi matakai ɗaya bayan ɗaya: toshe hanyoyin shiga yankin Biyafara da yunwar da ta hallaka fararen hula masu ɗimbin yawa, galibi yara, ƙa'idojin da ya fitar wa sojoji kan yadda za su riƙe fursunoni da fararen hula, kisan fararen hula da aka yi a garin Asaba a Oktoban 1967, a fagen runduna ta biyu da Murtala ke jagoranta, sai furucinsa na ƙarshen yaƙi cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci. A kowane mataki tambaya biyu ce: ka taɓa jin wannan? In ka ji, me ka gani? Wanda bai taɓa jin Asaba ba kada a karanta masa labarin sannan a nemi hukuncinsa, ra'ayinka za ka karɓo a bakinsa.

Lura da nauyin kalma. "Ya haɗa kan ƙasa" yabo ne, "ya kashe mutane da yunwa" tuhuma ce, duka biyun sun riga sun ba da amsa. Haka "'yan tawaye". Ka ce "ɓangaren Biyafara" da "ɓangaren tarayya". Sannan akwai kara: mutuminmu ba ya son musa wa baƙon da ya yi masa sallama, kome ka karanta masa zai ce haka ne. Maganinsa a ajiye masa magana biyu: "Wasu na cewa toshe hanyar dole ce don a gajarta yaƙi, wasu na cewa ta wuce gona da iri. Wanne ya fi kusa da naka?" A rabin takardun a sauya wadda ke zuwa farko. A bar gurbin "ban sani ba", kuma kada ma'aikaci ya matsa.

Yanzu su wa za a tambaya. Mutum 400 da aka zaɓa bisa ƙuri'a suna ba da sakamakon da kan iya kaucewa da maki 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Mutum 100 maki 10. Mutum 1,000 kusan maki 3. In za ka ce "Jihar Gombe", sai ƙananan hukumomi 11 sun shiga gwargwadon yawan jama'arsu, daga Nafada da Dukku har Billiri, Kaltungo da Balanga. In kuɗinka bai wuce cikin gari ba, rubuta "garin Gombe" ka huta. Hanya mai sauƙi ita ce wurare 40, gida 10 a kowane. A fara daga wata alama, a ƙirga gida biyar a shiga na biyar. Maƙwabta kan yi kama da juna a tunani, saboda haka kaucewar za ta ɗan zarce maki 5. A cikin gida a rubuta manya 'yan 18 zuwa sama a ja ƙuri'a, in ba haka ba maigida ne zai amsa kullum. Rabin ma'aikata su zama mata, don gidan da aka rubuta "ba shiga" namiji ba ya wuce zaure.

Ma'aikata 8, kowa hira 10 a yini, kwana 5 ke nan. A gaida mai unguwa kafin a fara, amma kada shi ko ɗan aikensa ya zauna a wurin hira. A guji ranar kasuwa, da safiyar damina lokacin da maza ke gona. A fassara takardar zuwa Fulatanci, Tangale, Tera da Waja tun a ofis; tafinta a ƙofar gida yakan ƙara gishiri. A gwada ta a kan mutum 20 tukuna. Manhajar cike takardar tambayoyi ta KoboToolbox a waya tana aiki ba intanet kuma tana nuna lokacin da kowace hira ta ɗauka: hirar minti 4 a gindin bishiya aka cike ta. Mai kula ya koma gida 40 ya tabbatar an je.

'Yan mazan jiya da suka yi yaƙin, da Inyamurai 'yan kasuwa da iyayensu suka gudu a 1966 suka dawo bayan yaƙi, ƙuri'a ba za ta kamo su da yawa ba. A neme su daban, a yi doguwar hira, a nemi izini kafin naɗar murya, a ɓoye suna, kuma kada a zuba amsarsu cikin lissafin 400 ɗin. In tsoho ya yi shiru a kan wata tambaya, a wuce.

Wajen fitar da sakamako, a ware teburin hali da na yaƙi, a nuna waɗanda suka san shugaban da waɗanda suka rikita shi da wani, a buga tambayoyin yadda aka karanta su da ranakun aikin. Kada a kwatanta Dukku da Billiri in kowace mutum 30 ce ta ba da: kaucewar a nan ta kusa maki 18.