Yadda za ka gane abin da ke ranka daga jikinka bayan tashin hankali

Wanda ya ga tashin hankali, ko hatsarin mota ne ko harin ƴan bindiga irin wanda ya koro mutanen Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maradi, Nijar, a 2019, in ka tambaye shi ya yake ji sai ya ce lahiya lau, kuma ba ƙarya yake ba wallahi, shi kanshi bai san sunan abin ba. Amma jiki ya sani. Kabu-kabu ya yi ƙara a bayanshi sai gaba ta faɗi, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, adirenalin ne, sinadarin da ke shirya mutum ga gudu ko faɗa, jiki ya sako kamar har yanzu ana cikin gudun.

To ga yadda ake yi. Nemi lokacin da gida ya yi shiru, misali bayan la'asar, ka zauna kan tabarma ka bar idonka buɗe. Kada ka fara da ƙirji, can ne abin ya fi ƙarfi, fara da tafin ƙafa, sanyin ƙasa kake ji ko ɗumi? Sannan ka hau a hankali, ciki, ƙirji, wuya, muƙamuƙi, duk inda ka ji wani abu ka faɗe shi yadda yake, nan ya ɗaure, nan nauyi, nan zafi. Sai daga baya ka laluba mishi suna. Bugun zuciya da murɗawar ciki galibi tsoro ne, cije haƙora da dunƙule hannu da zafi mai hawowa wuya hushi ne, abu ya tokare maƙogwaro kuma ƙirji ya yi nauyi baƙin ciki. Galibi na ce fa, kowa da nashi, kuma tambayi kanka ko ka ci abinci, don shayi mai ƙarfi kan yunwa ma yana sa zuciya gudu.

In ba ka ji komai ba, jiki ya yi kamar ba naka ba, wannan ma alama ce, ba taurin zuciya ba ne.

Minti biyu ya isa. In abin ya taso da yawa tsaya, sha ruwan randa, kira sunan abubuwa biyar da kake gani, ja numfashi ka sake shi a hankali, fitarwa ta fi shiga tsawo. In mugayen mafarkai da firgita sun wuce wata guda je CSI, wato ƙaramin asibiti, ka yi ma likita bayani, ciwon ƙirji mai tsanani kam ranar za a je, ba a jira.