Shawara kan zaɓen waƙoƙin rawa a wasan matasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa na Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru. Kafin ku zaɓi waƙar wani mawaƙi da za ku rera a taron matasa, ku fara duba ko ƙafa za ta iya bin kiɗanta, domin akwai waƙoƙi masu daɗin saurare a waya waɗanda ba sa tayar da kowa daga kujera. Ku fifita wadda amshinta gajere ne kuma kowa ya haddace shi, da Fulatanci ne, ko Hausa, ko Faransanci, tunda taronmu ba ya rasa masu jin harsunan nan.

Makosa, salon kiɗan rawa na birnin Duwala, tana da sauƙin takawa, don haka ta dace da buɗe fili. Bikutsi kuwa, wani salon kiɗan rawa na kudancin Kamaru, saboda saurinsa da yadda bugunsa ke tafiya uku-uku, a bar shi sai jiki ya yi zafi, kuma a ganina idan mai ganga bai ƙware da shi ba, gara a haƙura. Kada ku tilasta wa mawaƙinku kai muryarsa inda mai waƙar ya kai. Ku sauke kiɗan ya daidaita da muryar mawaƙinku. Idan bikin aure ne, inda iyaye ke zaune, a cire baitocin batsa tun wajen gwaji.