Yadda ake sayen batirin sola ba tare da dogaro da maganar yaron shago ba

Yaron shago ya san kuɗin kowane batir, ya kuma san wanda maigidansa yake so a rabu da shi, amma ba lallai ne ya san nauyin da batirin zai iya ɗauka ba. Yawancinsu ba da gangan suke ɓatar da mai saye ba, abin da suka ji daga bakin dillali suke maimaitawa. Saboda haka kafin ka shiga kasuwa, sai ka yi lissafinka tun daga gida.

Da farko, rubuta kayan da za ka kunna, ka duba wat nawa aka rubuta a jikin kowanne. Fankar sama takan ci kimanin wat 70, ƙwan fitila na zamani wat 10, matsakaiciyar talabijin kuma kimanin 60. Fanka biyu da ƙwai huɗu da talabijin ɗaya sun kama wat 240 ke nan.

Daga nan sai ka juyo kan batirin, domin a nan ne aka fi yi wa mutane romon baka. Wanda aka rubuta wa 12V da 200Ah, idan ka ninka lambobin biyu za ka samu 2,400, wato wutar da yake riƙewa, wadda za ta kunna kayan wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Sai dai batirin dalma, na ruwa ne ko busasshe, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri, don haka 1,200 ce rabonka. Ka raba ta da 240, ka samu awa 5, kuma ita kanta inbata, wato na'urar da take mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita, tana cin wani abu a ciki, ta yadda da ƙyar za ka wuce awa huɗu da rabi. Wanda ya ce maka wannan batirin zai kwana da kai har asuba, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuwa ciniki yake nema. Batirin litiyum ana iya amfani da kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, abin da ya sa ba a kwatanta farashinsa da na dalma kai tsaye.

Na uku, ka karɓi cikakkiyar lambar samfurin, ka nemo takardar bayanansa a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera shi, ka duba nauyin da aka rubuta. Na dalma mai 200Ah na gaskiya yakan kai kilo 55 zuwa sama, wanda kuwa yaro ya ɗaga da hannu ɗaya abin tuhuma ne. Ka lura kuma cewa shekarun da kamfanoni suke alƙawartawa an auna su ne a yanayi mai sanyi, wajen digiri 25, alhali zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yakan kai 40, kuma zafi yana rage kwanan batir ƙwarai.

Ranar saye, ka tafi da mai haɗa sola wanda ba shi da la'ada a shagon, ya auna batirin da mita a gabanka. Cikakken batirin dalma da ba a jona da komai ba yakan nuna 12.6V zuwa 12.8V, wanda ya sauka ƙasa da 12.4V alama ce ya daɗe a ajiye ba caji. Idan kun daidaita, ka sa a rubuta lambar batirin da tsawon garantinsa a jikin rasit kafin ka biya.